Suk al-Arabi da Tarkacen Kayan Lantarki: Waiwaye Kafin a Koma Kasuwa

Kowace shekara idan ranar kafa ƙungiya ta zagayo, akan ba mu, mu da ke riƙe da littattafan ofis, 'yan shafuka mu waiwayi wani ɓangare na tarihin sana'armu. Bana shugabanni sun ce a yi magana kan Khartum, domin da yawa cikin waɗanda yaƙi ya koro suna ɗaure kaya za su koma. Mun zauna da dattawa da kuma waɗanda suka riga suka leƙa suka dawo. Bayan ta'aziyyar rayuka da jajen dukiya, abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne wayar wuta. Kowa ya ce ya tarar da shagonsa a Suk al-Arabi an fasa bango an zare waya, an farke firji da na'urar sanyaya ɗaki an cire jan ƙarfen ciki, an bar kwankwaso. Wannan ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin yadda kasuwar nan take yi da kayan da suka mutu, tun daga gwangwani har zuwa wayar salula, mu ga abin da za mu ɗauka mu koma da shi.

Yadda muka je can

Hanyar Makka ce ta kai kakanninmu Sudan. Mahajjaci ya tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur, ya nufi gabas har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Jirgin ƙasa ya isa Al-Ubayyid a 1912, ya rage wa matafiya wahala. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu suka zama ƙashin bayan aikin gona a wurin. Wasu sun sauke farali sun dawo gida, wasu sun zauna sun hayayyafa, jikokinsu 'yan ƙasar Sudan ne a yau.

Ita kuwa Khartum da muka sani, Turawan Ingila ne suka sake zana ta bayan yaƙin Karari na 1898. Suka ware kasuwar Turawa, wato Suk al-Afranji, kusa da ofisoshin gwamnati, sannan kasuwar 'yan ƙasa ta bunƙasa a kewayen Babban Masallaci, ita ce Suk al-Arabi. A hayin kogi kuma akwai tsohuwar kasuwar Umdurman, wadda ta samo ƙarfinta tun zamanin Mahadi, daga baya aka sami Suk Libya a yammacin garin, inda kayan da ke tafiya Darfur da Chadi suke tashi. Tsakanin waɗannan kasuwanni uku iyayenmu suka yi ta kai da kawo, da turare da atamfa da huluna da goro da kayan ƙamshi.

Zamanin da ba a zubar da komai

Dattawanmu sun ce a da kasuwa ba ta da bola mai yawa, domin kusan komai yana da rai na biyu. Garwar kananzir idan ta ƙare sai ta koma ta ga-ruwa, ko maƙeri ya buɗe ta ya yi akwati ko murhun gawayi. Gwangwanin madara ya zama a-ci-bal-bal ko ma'aunin shayi. Tsohuwar tayar mota ta zama takalmi, wanda mutanen Sudan ke yi wa laƙabi da tamut takhalli, wato ka mutu ka bar shi, saboda ƙarkonsa. Irin wannan hannu ne muke gani a kasuwar Katako ta Yamai da wajen masu zuba tukwane a Maraɗi da Kano.

Kayan lantarki na farko ma haka aka yi musu. Gidan rediyon Umdurman ya fara aiki a 1940, talabijin ya biyo baya a 1962. Rediyo a lokacin dukiya ce, ana ɗinka mata riga, ana gadonta. Idan ta lalace a kai wa mai gyara, shi kuma ba ya yar da ko dunƙulen waya, domin matacciyar rediyo ita ce ke raya 'yar uwarta. Wanda ya sayi rikoda ko fanka a titin Hurriya, inda shagunan kayan lantarki suka taru, ya san zai yi shekara goma ko fiye da ita. Ba wanda ya kira wannan kare muhalli. Talauci ne da tattali da sanin darajar abu, amma amfaninsa ga ƙasa da ruwa ɗaya ne.

Darasin Koko

A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa a tsohuwar jihar Bendel. Gwamnatin Najeriya ta tilasta aka kwashe su, ta kafa doka mai tsanani kan shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Abin da ya faru a Koko da makamantansa ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, wadda ta fara aiki a 1992. Ƙa'idarta ita ce ba a tura shara mai haɗari wata ƙasa sai an sanar da ita ta amince. Ƙasashen Afirka suka ga hakan bai isa ba, suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar gaba ɗaya, ta fara aiki a 1998. Sudan tana cikin yarjejeniyoyin biyu, ta kuma yi dokar kare muhalli ta kanta a 2001.

A lokacin 'yan kasuwa ba su ga abin ya shafe su ba. Guba a tunaninmu abu ne da ke zuwa cikin ganga a jirgin ruwa. Ba mu san cewa za ta zo cikin kwali mai kyau ba, mu da kanmu mu biya kuɗin dakonta.

Zuwan wayar salula

Kamfanin Mobitel, wanda daga baya ya koma Zain, ya fara aikin wayar salula a Khartum a 1997, shekara huɗu kafin wayar GSM ta iso Najeriya a 2001. Daga baya Sudani da MTN suka shigo, layi ya yi araha, waya ta shiga hannun mai shayi da mai tura baro. A wannan shekara ta 1997 ce kuma Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, wanda ba a ɗage ba sai Oktoban 2017. Shekara 20 ke nan kamfanonin Amurka ba sa hulɗa kai tsaye da ƙasar, bankunan waje kuma suna ɗari-ɗari. Kaya suka riƙa zagayowa ta Dubai da Jidda da Alƙahira da Sin, a jakar fasinja ko a kwantena, sabo da na hannu a cakuɗe.

Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko abin yabo ne: Suk al-Arabi ta cika da ƙwararrun masu gyara, yara matasa da ke zaune a ɗan teburi da fitila da abin like, suna canja gilashi, suna ɗaga ƙananan sassa daga fanel ɗin wata waya su dasa a wata. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantun Khartum duk sun san benayen da ake wannan aiki. Wasu ma a can suka koyi gyaran suka dawo da shi Farm Centre da titin Beirut a Kano. Na biyu kuma shi ne abin da ba mu so mu faɗa: cikin kowane kaya na hannu da aka sauke akwai waɗanda tun a can suka mutu, ko suka rage 'yan watanni. Mai kaya ya riga ya lissafa su cikin asara. Ina suke ƙarewa? A ƙarƙashin teburin mai gyara, daga nan buhun mai tsintar khurda, kamar yadda ake kiran kayan gwangwan a can, daga nan bayan gari, ko jujin Ɗayba da na Abu Wilaidat da na Hattab tare da sharar gida.

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, da kuɗin mai ya ragu, jama'a suka bazama haƙar zinare. Injinan neman zinare da janareto da batura suka ƙaru a kasuwa, su ma da nasu matattun. Caja da abin jin sauti na kunne da tocila mai caji kuwa, ba a ma gyara su, domin kuɗin gyara ya fi na sabo. A nan ne tsohuwar al'adar rai na biyu ta fara gazawa.

Abin da ke cikin tarkacen

Bambancin gwangwanin madara da matacciyar talabijin shi ne abin da ke ciki. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yana ɗauke da dalma. Batirin mota da na sola dalma ne da ruwan batir mai ƙuna. Dogayen ƙwayayen fitila da tsofaffin allunan kwamfuta suna da zaiba. Robar da ke rufe wayar wuta idan aka ƙona ta, baƙin hayaƙin yana ɗauke da guba mai zama a huhu, ta sauka a ƙasa da abinci. Man da ke cikin tsofaffin taransifoma shi ma wani yana da guba mai daɗewa a ƙasa shekara da shekaru. Batirin waya kuma idan aka huda shi ko rana ta dake shi yakan kama da wuta. A gefe guda akwai jan ƙarfe, wanda 'yan gwangwan ke kira kofa, da alminiyam, da ɗan zinare da azurfa a jikin fanel. Dukiya da guba a ƙunshi ɗaya suke, hanyar raba su ce ke nuna wanda zai ci riba da wanda zai kwanta asibiti.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, sanadin niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. A Thiaroye, bayan garin Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana tankaɗe ƙasa don tsintar dalma. Ita dalma ba ta da wari, ba ta sa zazzaɓi nan take. Uba ne ke kai ta gida a jikin rigarsa, yaro mai rarrafe ya haɗiye ta da ƙura, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da aka rubuta. A Afirka abin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Mutumin Turai yana zubar da kimanin kilo 17.6 a shekara, na Afirka kilo 2.5. Wato mu ne muka fi kowa ƙarancin zubarwa, mu ne kuma muka fi rashin wurin sarrafawa. Rahoton ya ƙiyasta ƙarafan da ke cikin tarkacen shekarar a dala biliyan 91.

Yaƙi

Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Suk al-Arabi tana tsakiyar gari, tafiyar ƙafa ce zuwa fadar shugaban ƙasa, don haka tun makonnin farko aka rufe ta, aka wawashe, wasu sassa suka ƙone. Kasuwar Umdurman ma ta sha wuta, ciniki ya koma Suk Sabirin a arewacin garin. Mutanenmu wasu suka fita ta iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan, wasu ta Chadi. Sojoji sun karɓe fadar a ranar 21 ga Maris 2025, suka kammala karɓe tsakiyar birnin kafin ƙarshen watan.

Waɗanda suka fara komawa sun tarar da abin da muka faɗa a farko, kuma ba a shaguna kaɗai ba. An haƙe tituna an zaro manyan wayoyin wuta na ƙarƙashin ƙasa, an kwance taransifomomi an zubar da mansu, an ƙona roba a fili don a fitar da kofa. Asibitoci da makarantu da tashoshin ruwa duk abin ya shafe su. Sana'ar da ta raya talakawa shekara da shekaru ita ce ɓarayi suka ari rigarta suka tuɓe gari. Wanda ya zare wayar yana da laifi, amma bai zare ba sai da ya san akwai mai awo da ke jiransa, akwai mota, akwai iyakar da za a tsallaka. A nan maganar ta zo kanmu, domin tsallaka iyaka da kaya ita ce sana'armu. Hausawa sun ce ba ɓera da ɓarna ba, daddawa ma da wari.

Akwai wani haɗarin kuma. Ƙarfen da aka tsinto a fagen yaƙi yakan zo da harsashi ko bam da bai tashi ba. A tsakiyar 2025 gwamnatin Kano ta dakatar da shigo da kayan gwangwan daga jihohin arewa maso gabas, bayan wani abu ya fashe cikin irin waɗannan kaya ya kashe mutane. Wanda ya ɗora buhun khurda daga Khartum bai san abin da ke ƙasan buhun ba, yana wasa da ran direbansa da na 'yan dako.

Abin da ke gabanmu

Gari mai neman farfaɗowa ba wuta zai sha kayan lantarki fiye da kowane lokaci: sola, batura, inbata, famfon ruwa, wayoyi, fitilu. Wasu cikinmu za su yi arziki da wannan, kuma halal ne. Amma batirin sola yana da 'yan shekarun da zai yi ya mutu, mai arha ma ba ya kaiwa. Duk batirin da muka sauke bana, nan da ɗan lokaci zai zama dalma a bayan gidan wani. Ga kuma doka ta canja. Daga 1 ga Janairun 2025, gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Basel ya sa duk tarkacen kayan lantarki, mai guba da marar guba, ba ya tsallaka iyakar ƙasashen da suka amince da gyaran sai da sanarwa da izinin ƙasar da za a kai. Kayan hannu masu aiki kaya ne, matattu kuwa shara ce a idon doka. Wanda ya cakuɗa su yana iya rasa motar gaba ɗaya.

A zaman da muka yi an sami saɓani, kuma ya kamata mu rubuta shi. Wani dattijo ya ce da mu: "'Ya'yana, yaron da ke ƙona waya ba don daɗi yake yi ba. Idan kun hana shi, ku za ku ciyar da uwarsa?" Gaskiya ya faɗa. A Akara gwamnati ta rushe Agbogbloshie a Yulin 2021, wurin da 'yan arewacin Gana da yawa ke wannan aiki, sai sana'ar ta watsu cikin unguwanni, hayaƙin ya ƙara matsowa kusa da gidaje. Kora ba ta kashe sana'ar da yunwa ta haifa. Abin da ke canja ta shi ne mai saye. Idan mai awo ya fi biyan kofar da aka feɗe da wuƙa ko da ɗan injin feɗe waya, wadda dama ta fi ƙonanniya kyau da daraja, yaro zai daina kunna wuta ba tare da an kira ɗan sanda ba. A Najeriya hukumar NESREA ta yi ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011, bisa manufar cewa wanda ya ƙera ko ya shigo da kaya yana da alhakin ƙarshensu. Ko doka ba ta iso rumfarmu ba, manufar ta yi daidai da abin da aka koya mana tun muna yara, cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Don haka muke roƙon babban taro ya duba waɗannan shawarwari. Kada ɗan ƙungiya ya sayi kofa ko wayar wuta ko kayan taransifoma da ba a san asalinsu ba, komai arha, kuma kowane mai awo ya riƙe littafin da zai rubuta wanda ya kawo da abin da ya kawo. Mai shigo da kayan hannu ya gwada su tun a wurin lodi, ya bar matattu a can. Mai sayar da batir ya karɓi tsoho ya rage wa mai saye kuɗi, ya ajiye shi a tsaye cikin inuwa, kada a fasa, kada a tsiyaye ruwansa a kwata, a miƙa shi ɗungurungum ga masu narkarwa da ke da izini. Kada a sa yaro ko mace mai ciki aikin fasa kayan nan, kuma mai yin aikin ya canja tufa ya wanke jiki kafin ya shiga gida. Sannan idan aka sake raba rumfuna, ƙungiya ta nemi ɗaki ɗaya mai rufi inda masu gyara za su riƙa tara matattun fanel da batiran waya, a sayar a dunƙule, kuɗin ya shiga asusun marayu. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar tallafin waje. Littafi ne da sikeli da alƙawari.

Kakanninmu sun isa Khartum a ƙafa, baƙi, aka ba su wurin zama da ruwan sha saboda an shaide su da amana da aiki. Suna ne da aka yi shekara fiye da ɗari ana ginawa, kuma mota ɗaya ta kofar sata da aka kama da sunan ɗan ƙungiya ta isa ta zubar da shi. Masu komawa su tafi da wannan a zuciya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, ya zaunar da Sudan da ƙasashenmu lafiya, ya maimaita mana wannan rana. Amin.